Tsanin DNA ɗina ya murɗe ta hagu, na kwance shi

'Yan'uwa masu koyo, mako shida ke nan da na fara haɗa samfurin DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, da waya da duwatsun ado, kuma sau biyu ina kwance shi tun daga tushe. Ga inda aka kwana.

Abin da ya sa na fara shi ne haddar da nake yi ba ta zama. A haruffan DNA huɗu, A yana tafiya da T, G yana tafiya da C, na maimaita har na gaji, amma da an tambaye ni dalili sai in yi tsuru-tsuru. Na ce bari in sa hannu. Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kauri guda biyu don gefunan tsanin, siririyar waya don matakai, filaya, da duwatsu kala shida. Fari ya tsaya wa fosfet, baƙi ya tsaya wa sukarin da ke kashin bayan zaren. Ja shi ne adenin (A), kore tayimin (T), shuɗi guwanin (G), ruwan ɗorawa sayitosin (C).

A ginin farko duk duwatsun haruffan girmansu ɗaya, kuma nan na fara kuskure. A da G manya ne, zobe biyu gare su, T da C kuwa zobe ɗaya. Da na sake saye, na ɗauki dogaye don A da G, gajeru don T da C, sai tsanin ya fara yi mini gardama da kansa. In na haɗa dogo da dogo, gefen ya kumbura. In na haɗa gajere da gajere, ya tsuke kamar an ɗaure masa ƙugu. Sai dogo da gajere kaɗai ke ba da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, kuma haka abin yake a zahiri: faɗin zaren kusan nanomita 2 ne ko'ina (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Tun wajen 1950 Erwin Chargaff ya auna ya ga yawan A daidai yake da na T, na G daidai da na C, amma sai a 1953 da James Watson da Francis Crick suka yi ta jujjuya yankakken kwali da ƙarfe a Kambirij aka ga abin da lissafin ke nufi. Hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan a 1952 shi ya nuna musu siffar murɗin. Na ji sanyi a raina da na tuna su ma da hannu suka lalubo. Tsakanin A da T na sa zare biyu, tsakanin G da C uku, don haka haɗin haidirojin ɗinsu yake, wato haɗin da ke riƙe haruffan biyu da juna. Wannan bai ba ni wahala ba.

Murɗin ne ya kunyata ni. Na gama, na murɗa, na ɗora a kan tebur ina ta kallo ina jin daɗi. Kwana biyu bayan nan ina ɗaure wata kusa mai murɗi da sukundireba, idona ya faɗa kan layukanta, na ɗaga kai na dubi tsanina, gabana ya faɗi. Ba su bi hanya ɗaya ba. DNA na yau da kullum murɗin dama yake yi, kamar kusar. Ku tsayar da samfurinku, ku dubi zaren da ke ta gabanku: in yana hawa daga ƙasan hagu zuwa saman dama, kun dace. Nawa daga ƙasan dama yake hawa. Na kifa shi, ƙasa ta koma sama, ina fatan ya gyaru. Ko gezau. Murɗin hagu hagu ne ko ta ina ka juya shi, madubi kaɗai ke sauya shi. Daga wani zane na kwaikwaya, kuma tun daga ranar na lura zanen DNA mai murɗin hagu ya cika gari, har a wuraren da ya kamata a ce an sani. Akwai dai wani nau'i mai murɗin hagu da aka gano a 1979, amma ba shi masu zanen nan suke nufi ba, kuskure ne kawai.

Kwancewa ta biyu ta fi zafi, ita ce kuma ta fi koya mini abu. Zarurrukan biyu ba sa fuskantar waje ɗaya. Kowane zare yana da kai da gindi, ana kiran bakinsa ɗaya 5' ɗayan kuma 3', bisa lambar kabon ɗin sukarin da ke wurin. In wannan ya miƙe sama, abokinsa ƙasa ya nufa. Ni kuwa na jera su kai da kai. Duwatsuna zagayayyu ne, ba su nuna gaba ko baya, shi ya sa ban gani ba. Tun ran gini tun ran zane. Na zauna na ɗiga wa kowane baƙin dutse farin fenti a gefe ɗaya don ya nuna 3', sannan na sake shiryawa, ɗigon wannan zare na kallon sama, na wancan na kallon ƙasa.

Na ɗauka ƙa'ida ce kawai ta masu son tsanani, sai da na gwada kwafin zaren. Na buɗe matakan daga sama kamar yadda helikes, enzayim (furotin mai aiki) ɗin da ke raba zarurrukan biyu, ke yi, na sa wa kaina doka guda, wadda ita ce dokar polimeres, enzayim ɗin da ke gina sabon zare: ba ya ƙara sabon harafi sai a bakin 3', kuma ba ya iya farawa daga babu, sai an ɗora masa ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA mai zare ɗaya, ya kama. A zare ɗaya aikin ya tafi sumul, ina buɗewa ina bi da sababbin duwatsu. A ɗayan kuwa hannuna baya yake komawa, yana nesanta da wurin da nake buɗewa. Sai in yi matakai huɗu, in tsaya, in ƙara buɗewa, in koma sabon wurin in sake farawa. Da na ɗago sai ga guntaye uku a gabana da giɓi a tsakaninsu. Wallahi dariya na yi ni kaɗai. Waɗannan su ne guntayen Okazaki da na yi shekara ina haddacewa ban san me ya kawo su ba. Reiji da Tsuneko Okazaki, mata da miji a Japan, su suka bayyana su a 1968, enzayim ɗin ligas kuma shi ke ɗinke giɓin. Da na ƙarasa, tsani biyu na samu, kowanne da tsohon zare ɗaya da sabo ɗaya, abin da Matthew Meselson da Franklin Stahl suka tabbatar a 1958 da naitirojin mai nauyi a cikin bakteriya. Ina ba ku shawara ku sayi wata kalar waya daban don sabon zaren, abin ya fi fitowa.

A gini na uku ban jera haruffa da ka ba. Na ɗauki farkon ƙwayar gadon da ke tsara sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom (ƙunshin DNA) na 11: ATG GTG CAT CTG ACT CCT GAG. Haruffa 21 ne, kuma tunda kowane zagaye yana cin mataki 10 da rabi, murɗi biyu cif ke nan. Ribosom, mai haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, uku-uku yake karanta saƙon bayan an kwafe shi zuwa RNA, inda U ke maye gurbin T. Haɗuwar uku-ukun 64 ce, uku daga ciki alamar tsayawa ne, sauran 61 sun rarraba amino asid 20, tubalan ginin furotin, a tsakaninsu. Na farkon da aka warware shi ne UUU, a hannun Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei a 1961. ATG na farkon jerina shi ne alamar farawa, kuma ana cire amino asid ɗinsa daga baya, don haka GAG na ƙarshe shi ne na shida a ƙidaya.

Jiya na kwance mataki na biyun ƙarshe, na juya shi, ja ya koma inda kore yake. GAG ya zama GTG. A jiki wannan yana nufin amino asid ɗin balin (GTG) ya zauna a kujerar gulutamik asid (GAG), wuri ɗaya tak a cikin amino asid 146 na sarƙar. Gulutamik asid yana son ruwa, balin yana gudunsa, don haka in iskar oksijin ta yi ƙasa sai himogulobin ya riƙa manne wa juna yana yin dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje. Sikila ke nan. Vernon Ingram ne ya gano wannan bambanci a 1957. Na ajiye tsanin na ja baya taku uku ina dubawa, ban iya gane wurin da na taɓa ba sai da na ƙirga.

Wani lissafi da na yi a bayan takarda: tsakanin matakaina santimita 1 ne. Da zan gina haruffa kusan biliyan 3 na rabon gado ɗaya na ɗan'adam, tsanin zai kai kilomita 30,000, wato kashi uku cikin huɗu na kewayen duniya. A cikin ƙwayar halitta tazarar nanomita 0.34 ce, amma duk da haka kuromosom 46 ɗinmu in an miƙe su sun kai mita 2, kuma duk suna cikin cibiyar da ido ba ya gani. Naɗe su ake yi a jikin furotin ɗin histon, kowane dunƙule mai histon 8 yana ɗaukar mataki kusan 147.

Nan zan dosa mako mai zuwa. Waya mai kauri ba za ta naɗu ba, don haka na tanadi igiya mai laushi da ƙwarkwaron zare takwas-takwas. Wanda ya riga ni gwadawa ya gaya mini yadda ya hana igiyar zamewa, don tawa tun a gwajin farko ta kuɓuce.