Raita ba ta da laifi, faifai ma haka

Kuɗin sabuwar raitar DVD (na'urar buga faifai a kwamfuta) da na saya har yau yana min ciwo, domin tsohuwar da na cire lafiyarta ƙalau.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, in tace, in buga wa mutane a faifai. Kwamfutar da nake wannan aiki da ita tsohuwa ce mai Windows XP. Rumbun ajiyarta ya cika, sai na kai wa mai gyara ya ƙara mini rumbu na biyu da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Ta dawo da sauri kuwa, tacewa ta yi daɗi. Amma daga ranar bugun faifai ya lalace.

Faifan da ke kammaluwa cikin kamar minti shida a gudun 16x ya koma cin fiye da rabin awa. A Nero, manhajar da nake bugu da ita, layin bafa mai nuna bayanan da ke jiran shiga faifai sai ya cika ya zube, ya sake cika ya zube. Linzami na tsalle-tsalle, karatun da na kunna ina saurare yana kakkarewa. Wani faifan ya tsaya a tsakiya da saƙon kuskure, wannan da sauƙi, ka san asara ka yi. Mugun shi ne wanda zai ce maka an gama lafiya, ka sa a kwali ka miƙa. Wata Hajiya da ta aurar da 'yarta ta bugo mini da dare: "Malam, wane irin faifai ka ba mu? Ga baƙi cike da falo, daidai wajen kamu ya tsaya cak." Ban da haƙuri babu abin da na iya ba ta.

Duk wanda na faɗa wa, amsa ɗaya ce: faifan jabu ne. Na canza kamfani, na sayi mai tsada. Na rage gudu zuwa 4x, abin ya ɗan lafa, bai tafi ba. Na goge idon raita. Da na koma wajen mai gyara bai ko buɗe kwamfutar ba ya ce, "Oga, idonta ya gaji, sabuwa kawai za ka saya." Na saya, ya ɗaura, ta kama aiki tsaf. Wannan shi ne tarkon da ya fi cin raina, don ya gaskata maganarsa. Ba a jima ba sabuwar ma ta koma yin abin da tsohuwar ke yi, babu bambanci ko kaɗan.

Abin da ya buɗe mini ido, ina cikin bugu na buɗe Task Manager na ga furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kusa ƙurewa, alhali babu wata manhaja a jerin da ke cin aikin. Na shiga Device Manager, ƙarƙashin IDE ATA/ATAPI controllers, na buɗe Secondary IDE Channel, shafin Advanced Settings. A wajen Current Transfer Mode an rubuta PIO Mode.

Ga yadda abin yake. A tsarin DMA bayanai na wucewa tsakanin RAM da raita ba tare da sun dami furosesa ba. A PIO kuwa furosesa ce ke dakon kowane ɗigo da kanta, kamar mai cika tanki da moɗa. Gudun 16x na DVD yana buƙatar kusan megabait 22 a daƙiƙa, PIO kuma ko a takarda bai wuce 16.6 ba. Windows XP tana da ka'ida: idan ta ƙirga kurakuran sadarwa shida a layin, sai ta rage gudu mataki guda, in kuskure ya ci gaba ta yi ta ragewa har ta sauka PIO, kuma ba ta komawa sama da kanta. Da aka sa sabuwar raita, Windows ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa, ta fara mata da DMA, kurakurai suka taru, ta sake saukowa. Kwanakin lafiyar da na gani ke nan, waɗanda na biya kuɗin raita guda a kansu.

To daga ina kurakuran? Na kwance murfi da kaina. Ashe da mai gyara zai ƙara rumbu, wayar raitata mai baki ɗaya ce, sai ya cire ta ya lalubo wata tsohuwa mai baki biyu a akwatinsa, ya haɗa rumbun da raitar a kanta. Wayar nan mai faɗi irin ta da ce, mai silli 40, an lanƙwasa ta an cusa bayan fanka har gefenta ya tsage, ana hango jan ƙarfe. Mai kyau silli 80 gare ta, sirara, ko da yake ramukan bakin ba su ƙaru ba. Ƙarin sillin na kare sigina ne daga hayaniya. Za ka gane ta da launin bakunanta: shuɗi na babban allon kwamfuta, baƙi na masta (na'ura ta farko a wayar), ruwan toka na silebu (ta biyu). Mai silli 40 ko lafiyayya ce ba ta wuce megabait 33 a daƙiƙa. Kuma na'urori biyu a waya ɗaya ba sa magana lokaci guda, ga shi fayilolin da nake bugawa a sabon rumbun suke zaune. Wato hanya ɗaya ake karantowa, ita ake rubutawa.

Sai abin da ya fi ba ni haushi: Ultra DMA, wato nau'in DMA mai sauri, yana tantance bayanan da suka bi waya, PIO ba ya yi. Da aka sauka PIO, duk ɓarnar da tsagaggiyar wayar ta yi sai ta wuce faifai salin-alin, manhaja ta ce an gama lafiya. Faifan Hajiya ke nan.

Gyaran bai kai kuɗin kwalin faifai ɗaya ba. Na sayo waya mai silli 80 guda biyu, na mayar da sabon rumbu layin farko tare da babban rumbu, na gyara jampa (ɗan maɓallin da ke nuna wace na'ura ce masta, wace ce silebu), na bar raita ita kaɗai a layi na biyu a matsayin masta. Canza waya kaɗai ba ya isa, Windows na riƙe da tsohon hukuncinta. Sai ka cire Secondary IDE Channel ɗin a Device Manager, ka kashe ka kunna, ta sake gano shi. Ta dawo Ultra DMA. Na mayar da tsohuwar raita don in gani da idona, ta buga faifai cikin minti shida.

Masu raitar SATA, mai siririyar waya, ba ruwansu da jampa ko wannan waya mai faɗi. Amma in taka irin tawa ce, kuma matsala ta fara ne bayan an buɗe kwamfuta, duba layin Current Transfer Mode kafin ka ciro ko sisi. Yanzu ba na miƙa faifai sai manhaja ta sake karanta shi ta gwada da asali, ko da mai shi na tsaye a kaina yana duba agogo.

Duk aikin da na bayar a tsakanin nan na sake bugawa kyauta, na bi mutane gida-gida. Da na kai wa mai gyara wayarsa na nuna masa tsagar, juya ta ya yi a hannu ya ce ai waya waya ce.