Wasiƙa daga Cork: ba Ingila nake ba

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Lafiya lau nake, a gaida kowa. Kun dame ni da tambayar sanyi da kuɗin haya. Sanyin da sauƙi, ruwan sama ne ba ya ɗaukewa, hayar kuwa sai wani jiƙon. Amma masu ce mini "ya Ingila?" don Allah su bari. Ailan nake, kuma mutanen nan ba su manta abin da Ingila ta yi musu ba.

A bakin tekun Cork akwai tsibirin Spike, yanzu 'yan yawon buɗe ido ke zuwa daga garin Cobh. Daga 1847, lokacin babbar yunwar dankali, nan ake tara fursunoni kafin a loda su zuwa Ostireliya. Amma tun 1791 aka fara kai fursunoni can, da jirgin Queen ya tashi daga Cork ɗauke da maza da mata fiye da 150, sai da suka yi wata biyar a ruwa kafin su ga Sydney. Hukuncin galibi shekara bakwai ne, wani sha huɗu, wani rai da rai. To ko ka gama, wa zai biya maka kuɗin komawa? Wani tunkiya ya sata, wata tufafi, wasu kuma 'yan tawayen 1798 ne. A 1835 jirgin Neva ya farfashe da mata fursunoni da 'ya'yansu, fiye da 200 suka rasu. Mu da aka kai Sarkin Kano Alu Lokoja mun san wannan dabara ta Nasara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai takardu ne. Kowane fursuna an rubuta sunansa, shekarunsa, laifinsa, da jirgin da ya ɗauke shi. Uwaye da matan aure sun yi ta aika wa wakilin Sarkin Ingila a Dublin takardun roƙon sassauci, da yawansu suna nan har yau. Amma rajistocin kafin 1836 sun ƙone a 1922, da yaƙin basasa ya cinye ma'ajiyar takardu ta ginin kotunan Four Courts a Dublin. Sai ka ga Bature ya taso tun daga Ostireliya neman asalin kakansa, a ce masa takardar ta ƙone. A 1988 gwamnatin Ailan ta kwafi abin da ya rage ta ba Ostireliya kyauta.

Duk wanda ke da adakar tsoho a ɗaki, da takardar gona, da rasidin haraji, da wasiƙun ajami, ya buɗe ta kafin damina, ya ɗauki hotonsu da waya, ya tura wa 'yan uwa biyu ko uku. Gara ba ta jiran yaƙin basasa.

Naku a Cork.