Mun samu Gizo, saura Dorina

Asabar ɗin da ta wuce muka yi kastin, wato zaɓen 'yan wasa, na wasanmu na 'yar tsana, a wani aji na lekol da aka ba mu aro nan wajen unguwar Yelwa a Garwa, kuma wallahi tun ranar abun bai bar raina ba shi ya sa na ce bari in rubuta.

Wasan na barkwanci ne, rabinsa waƙa. Gizo ya bi babbar kasuwar Garwa yana cin bashi har ya haɗa kuɗin moto alhali bai iya tuƙi ba, Ƙoƙi na gida tana ta ba masu bin bashi haƙuri, ƙarshe dai shi da moton suka faɗa Binuwai gaban dorina. 'Yan tsanan mu muka haɗa su da kanmu, soson katifa muka yanka muka yi kai, kwali a cikin baki, guntayen atamfa kuma wani tela ya tara mana kyauta. Muna son fitowa da shi ranar 21 ga Maris, ranar wasan 'yar tsana ta duniya, duk da kowa ya san Garwa a Maris, zafi ya haura 40 ga mutum durƙushe bayan labule.

Da farko mun ce kowa ya rera abun da ya iya. Nan kam masha Allah, garin nan akwai muryoyi. Sai da muka ce toh sa hannu cikin 'yar tsana ka sake rerawa, a nan ne ido ya raina fata.

Mutane na ɗauka wasan yara ne. Hannunka yana sama da kanka tun farkon waƙa har ƙarshe, kafin minti 2 kafaɗa ta fara zafi, sai ka ga 'yar tsana tana nutsewa a hankali bayan labule mai ita bai ma sani ba. Sannan baki. Babban yatsa shi ke sauka ƙasa kamar haɓar mutum, in ka ɗaga sauran huɗun kai ya wuntsula baya, idon Gizo na kallon rufi maimakon yara. Kowace gaɓa baki zai buɗe sau ɗaya. Kuma Hausa tana da nata wuyar da na daɗe ban lura ba sai da muka fara wannan aikin: gari da ake zama cikinsa da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na tuwo ana jan "ga" ɗinsa, toh dole bakin 'yar tsana ya ɗan jima a buɗe, in ba haka ba ko ƙaramin yaro zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin mene ne.

Akwai wata yarinya da ta fi kowa murya, irin wadda in ta ɗauki mikro a gidan biki mata ke tashi liƙi. Amma Ƙoƙi a hannunta kamar tsumma, ita tana kallonmu tana murmushi, 'yar tsanar ta langaɓe gefe. Na ce ƙanwata, ki kalli Ƙoƙi, ita ke waƙar, ke aron murya kawai kika ba ta. Ta yi shiru sannan ta ce, Yaya, toh ni wa zai gan ni? Ban ga laifinta ba ko kaɗan, wanda ya taso yana ɗora waƙa a TikTok fuskarsa ce jarinsa. Mun ba ta jagorancin amshi, za ta tsaya gaba tare da mai kalangu inda kowa zai gan ta, kuma can ɗin ta fi dacewa.

Wanda ya zama Gizo kuwa ko zuwa kastin bai yi ba. Mai moto ne, ya kawo wani yana jira ya maida shi, yana zaune bakin taga yana dariyarmu, sai abokin aikina ya ce zo ka gwada mana tunda kana dariya. Muryarsa a dishe, ƙura da rana sun gama da ita. Ya sa hannu, bai ce komai ba tukun, sai kawai Gizo ya leƙo a hankali, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ja numfashi irin na wanda ake bi bashi. Ajin nan duka aka fashe, ba a ma fara magana ba! Da ya buɗe baki kuma ga tsamin bakin nan na Gizo, ruwa ya koma "yuwa", sarki ya koma "shayki", kuma ya riƙe shi har cikin waƙa bai saki kiɗa ba, wanda duk sauran da suka gwada da sun shiga waƙa sai tsamin bakin ya gudu. Na tambaye shi ina ya koya, ya ce wurin kakarsa, tatsuniyar dare. A amshi ya jefa Fulatanci da kansa, muka bar shi haka, don yaran da za su cika wurin da yawansu shi suka fi ji.

Wani dattijo ya rako 'yarsa, ya zauna baya bai ce uffan ba sai da aka kusa tashi. Ya ce Malam, wannan mutum-mutumin fa? Na ce Baba, ai akwai hadisin Nana Aisha da 'yan tsananta a Buhari, ashe ya fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Damuwarsa daban ce, kar fuskar 'yarsa ta yi yawo a wayoyi. Na kai shi bayan labule ya gani da idonsa, sai ma ya shiga ba mu labarin 'yan dabo na zamaninsu, mutum ya ɓuya ƙarƙashin babbar riga da aka kafa kan sanduna yana fito da 'yan tsana ta sama, da ɗan abu a bakinsa mai sirantar da murya. Ya yarda, da sharaɗin tana gida kafin magariba. Yarinyar nan da ko gaisuwarta da ƙyar muke ji, tana shiga bayan labule ta balbale Gizo da faɗa cikin waƙa har mai moton ya rasa amsa. Ita ce Ƙoƙi.

Dorina ce ta gagara. Babba ce, mutum biyu ke ɗaukarta, ɗaya ya riƙe bakinta da kuma hannunta na hagu shi ke waƙa, ɗayan hannun dama kawai, kuma dole su motsa kamar jiki guda. Muna neman murya mai kauri sosai da kafaɗa mai juriya, da wanda zai yarda ya zama hannun dama ba zai ce ko kalma ɗaya ba har a tashi. Za mu sake zama Asabar mai zuwa bayan la'asar. Mai zuwa ya taho da ruwan sha, ya kuma sa riga mai sakin hammata.