Yini Guda a Wusasa

Daga tashar Kawo a Kaduna na hau mota da sassafe, ana tsakiyar hunturu. Hanyar Zariya ba ta da wani labari: kilomita wajen 80, Maraban Jos, Birnin Yero, Jaji, sai ga dutsen Kufena can cikin hazo. Na sauka a Ɗan Magaji, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Wusasa, tsohuwar unguwar mishan da ke gefen Zariya.

Tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew na fara nufa. Ginin ƙasa ne na 1929, aikin maginan Hausa, da kaurin bango da bakan gizo irin na zauren sarakuna. Wanda ya taso yana jin ana cewa coci kayan Turawa ne, ya zo ya gani da idonsa. Wani dattijo da na tarar a bakin ƙofa ya amsa gaisuwata, ya tambaye ni mutanen gida.

"Baba, tarihin Likita Mila na zo ji," na ce.

"Kowa Mila yake nema, ɗana. Zauna tukuna."

Tarihin Mila dai sananne ne. Dakta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angalika, ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar nan a 1900 tare da Bishop Tugwell. Sun isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Claud Dudley Ryder, ya rasu. A 1905 Mila ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 akwai guminsa mai yawa a ciki. Ba mutum ne mai sauƙin sha'ani ba, ya sha gwabzawa da hukumar Turawa da sarauta, har da 'yan uwansa na mishan. In da yawan waɗanda suka bi shi za a auna shekarunsa, sai a ce ya yi asara. Bai ƙare rayuwarsa a Ingila ba dai. A ƙasar nan ya rasu a 1952.

Amma inda dattijon ya daɗe shi ne kan mutanen Gimi, kuma nan ne ni ma hankalina ya tsaya. Asalinsu Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa a karatunsa. Mabiyansa suka watse, da yawa suka nufi Ningi. Shekaru suka shuɗe, a 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Mila da ƙafarsu suna neman ƙarin bayani. Ba wanda ya je ya lallashe su. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, wani fasto daga West Indies, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka yi gonaki, suka gina makaranta da wurin sujada. Sai ciwon barci ya faɗo, na ƙudan tsando, ya yi ta ɗibar mutane har ƙauyen ya tashi. Ka bar danginka da garinku saboda abin da ka gaskata, sannan ka binne 'ya'yanka a sabon wurin. Duk da haka waɗanda suka tsira ba su juya baya ba. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka cika Wusasa bayan an fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya a 1929.

Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje zamanin Shagari. Abin da ya fi burge ni game da shi shi ne ƙarshensa: ya koma duba marasa lafiya a Samaru yana kuma aikin fasto, har rasuwarsa a 2005. Makarantar mishan ɗin nan ce kuma ta yaye Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa. Yakubu Gowon ma nan ya tashi, domin mahaifinsa Yohanna mai bishara ne da ya taso daga ƙasar Angas. Kowa ya san ɗan. Uban kuwa, sai a bakin tsofaffin Wusasa.

Da rana ta take na leƙa asibitin Saint Luke. Mata da goyo suna zaune a inuwa suna jiran layi, masu hijabi da masu ɗankwali, ba wanda ya damu da na kusa da shi. Na sayi ƙosai da kunu a bakin titi, na koma na yi wa dattijon sallama. Ya ce in na sake zuwa in zo ranar Lahadi, in ji yadda ake rera waƙoƙin sujada da Hausar Zazzau. Ƙarfe huɗu na samu motar Kaduna, saura kujera ɗaya a baya.