Aikin jinga a rani ake yin sa: abin da na koya a bakin Kogin Gash

Kogin Gash ba ya riƙe ruwa duk shekara. Mafi yawan watanni fili ne na rairayi, yara na buga ƙwallo a ciki, masu amalanken jaki na ratsa shi daga gabashin Kasala zuwa yamma ba tare da sun nemi gada ba. Daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba yake tashi. Ruwan nasa daga tsaunukan Eritiriya yake gangarowa, inda ake ce masa Mareb, ya biyo ta Tasanai, ya shigo Sudan, ya raba birnin Kasala biyu, sannan ya watsu a fadamar da ke arewa, wajen Aroma, ƙasa ta shanye shi. Shi ya sa za ka ga sama tangaran a kanmu, babu ko gajimare, amma cikin 'yan sa'o'i kogi ya cika ya batse da ruwan da aka tafka a wata ƙasa.

Na yi damuna da dama ina aikin duba jingar da ke tare wannan kogi, wadda mutanen gari ke kira jisir. Abin da ya fi zauna mini a rai daga wannan aiki shi ne, ranar da ruwa ya iso an riga an san inda za a kwana. Ko dai an yi aikin tun a watan Maris da Afrilu, ko kuma ba a yi ba. Buhunan ƙasa da ihun dare da fitilun mota da ake nunawa a talabijin, duk ƙarashen zance ne.

Abu na farko da ke ba sabon ma'aikaci mamaki shi ne laka. Ruwan Gash kauri gare shi, ja-ja-ja, yana tafe da rairayi da taɓo mai yawan gaske. Da ya rage gudu sai ya sauke kayansa a cikin kwarin. Kowace damuna gindin kogin na ƙara tudu, har ta kai a wasu wurare ya fi ƙasan unguwannin da ke bayan jinga tsawo. Jingar da ta isa bara, ko da ba ta zaizaye ba, bana ta gajarta, domin ƙasan da ruwa zai bi ta kai ya taso. In ba a kwashe rairayin nan a rani ba, musamman kusa da gada inda kogin ya matse, to an rage wa ruwa hanya, kuma zai nema wa kansa wata. A ƙarshen Yulin 2003 ya nemo ta cikin gari, ya rushe dubban gidaje. A 2007 ya sake fasowa. Har yau in an zauna da manya a gefen yamma, inda Hausawanmu suke da yawa, da waɗannan shekaru suke lissafin haihuwa da aure.

Sai batun gina jingar kanta. Mutum zai ɗauka tara ƙasa ne kawai, tifa ta juye, katafila ta tura. Jinga ta gaskiya shimfiɗa-shimfiɗa ake yin ta: a baza ƙasa ba mai kauri ba, a yayyafa mata ruwa daidai, rola ta bi ta danne ta sosai, sannan a ɗora wata. Fuskar da ke kallon kogi a jera mata dutse, ko a ɗaure dutsen cikin ragar waya. Akwai kuma arradat, gajerun jinga na dutse da ake miƙawa cikin kwarin don su karya ƙarfin ruwa su mayar da shi tsakiya. Duk wannan yana son lokaci, yana son man fetur, yana son ruwan yayyafi a tsakiyar zafin Kasala. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuɗin aiki kan makara. Mun sha zama da injuna a tsaye tun sanyi bai fita ba, sai hadari ya fara haɗuwa sannan a ce an saki kuɗi, a yi maza. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da aka tula cikin gaggawa ba a danne ta ba, daga nesa ka ce jinga ce, amma ruwan farko na taɓa ta sai ta zauna, ta tsage. Kuɗin ya tafi, kuma an bar mutane suna barci a bayan abin da suke zaton zai kare su. A wurina wannan ya fi rashin jingar haɗari, don wanda ya san ba shi da kariya ba ya sakin jiki.

Mafi amfanin darasin da na samu, daga bakin wani dattijo mai lambun ayaba da albasa a sawagi na kudu, wato yankin lambunan da ke bakin kogin, ya fito. Wata yamma kogi ya cika, muna bin saman jinga muna auna tazarar da ta rage tsakanin ruwa da baki. Ya kira ni daga ƙasa, ta gefen lambunsa.

"Ɗana, sauko ka ga wani abu."

Na sauka. A gindin jingar, ta bayan da ba ya kallon kogi, ruwa na ɓuɓɓugowa daga wani ɗan rami, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ɗebo a hannunsa ya nuna mini.

"Da safe garau yake. Dubi yanzu."

Ruwan ya yi duhu, yana tafe da ƙasa, har ta fara taruwa a bakin ramin. Na ce, "Baba, bari a kawo buhu a toshe." Ya girgiza kai. Ya ce in an toshe nan, zai ɓalle a gaba inda babu mai gani. Ya sa 'ya'yansa suka kewaye ramin da buhunan ƙasa, suka yi masa zobe, ruwan ya taru a ciki ya yi tsawo, ƙarfin fitowarsa ya ragu, ya koma yana malala a hankali, ya kuma washe. Daga baya na tarar da hanyar nan a littattafan injiniyoyi daidai yadda ya yi ta. Ruwa mai tsabta a bayan jinga tsattsafowa ce, a sa masa ido. Ruwa mai laka kuwa alama ce jingar tana zubar da cikinta. Jinga da yawa ba ta sama ruwa ke cinye su ba, ta ƙarƙashi yake raraka su.

Tun daga lokacin na fi ba bayan jinga muhimmanci. A nan ake ganin ramin ɓera da na gara, da saiwar itacen muskit da ta ratsa ciki, da tsagewar da baƙar ƙasa ke yi in ta bushe. A nan ake ganin inda shanu da awaki suka mayar hanyar hawa har wurin ya lotsa, da inda masu bulo suka ɗebi ƙasa dab da gindi, da bututun da wani ya cusa don ya ja ruwa zuwa gonarsa. Babu injiniyan da zai san waɗannan daga ofis. Mai lambun da ke wucewa ta wurin safe da yamma shi ya san su.

Mutanen tsibirin Tuti, a mahaɗar Shuɗin Nilu da Farin Nilu a Hartum, sun daɗe da gane haka. Tun ambaliyar 1946 aka san su da tsarin da suke kira taya: rumfunan tsaro kewaye da tsibirin, kowace da mutanenta da yankin da aka damƙa mata, ana kwana ana duba ruwa, in wuri ya yi rauni a yi shela kowa ya fito. A Satumbar 2020 Nilu ya haura mita 17.6 a ma'aunin Hartum, ya zarce na 1946 da na 1988. Gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku, an rasa rayuka sama da 100, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace a faɗin ƙasar. A unguwanni da yawa matasa ne suka yi gayya, wadda a nan ake ce wa nafir, suka tare ruwa da buhuna da jikinsu. Ina jinjina musu ƙwarai. Amma raina yana ɓaci idan na ji ana kafa hujja da jarumtarsu don a sauke nauyin hukuma. Gayya za ta cika buhu, za ta yi gadin dare. Ba za ta kwashe rairayin kogi ba, ba za ta sayi dutse da rola ba, ba za ta karanta ma'aunin ruwa a bakin iyaka ta buga waya ba. Wannan aikin ma'aikatar ban ruwa ne da hukumar kare farar hula da gwamnatin jiha. Abin da na ga yana aiki shi ne a haɗa biyun tun da wuri: a raba jinga yanki-yanki, kowace unguwa ta san nata, a ba ta buhuna da shebur da fitila kafin Yuni, a ba ta lambar mutumin da zai ɗaga waya ƙarfe biyu na dare.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wa al'amarin nauyi. Kuɗi ya ƙaranta, mai ya yi tsada, ƙwararru da yawa sun watse. A ƙarshen Agustan 2024 madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ke dogaro da ita wajen ruwan sha, ta ɓalle ta share ƙauyuka. Kasala kuma ta cika da waɗanda suka gudo daga Hartum da Jazira da Sinnar. Waɗannan bayin Allah sun san Nilu, mai tasowa sannu-sannu cikin kwanaki. Ba su san kogin da ke bushe da hantsi ya cika kafin la'asar ba. Na ga iyalai sun kafa rumfa a kwari dab da jinga, don nan ne kawai fili ya rage, kuma babu wanda ya gaya musu tarihin wurin.

Saboda haka, a masallatan unguwanninmu, kafin hadarin farko, ya kamata liman ko mai unguwa ya tashi bayan sallar Juma'a ya faɗa wa baƙi inda ruwa ya bi a 2003, ya nuna musu tudun da za a nufa da hanyar da za a bi da tsofaffi da yara, a kuma sa matasansu cikin jerin masu gadin dare tare da namu.