Ginin lanƙwasa: daga Revit zuwa hannun kafinta

Ofishinmu na zanen gine-gine a Kaduna yake, kuma yawancin aikinmu gidaje ne da shaguna masu kusurwa huɗu. Amma 'yan shekarun nan masu gina ɗakunan taro da wuraren biki kan zo da hotuna a waya, su ce mai lanƙwasa suke so, irin na Dubai.

Kafin mu ja bango ko ɗaya, dunƙulen ginin muke fara ƙerawa a Revit, manhajar zanen gini a kwamfuta, ba ƙofa ba taga. Mu zana zobe a ƙasa, wani a tsakiya, wani a sama, manhajar ta haɗe su ta lulluɓe. Kowane awo muna ba shi suna: faɗin gindi, tsayi, yawan murɗawa. In mai gini ya ce, "Injiniya, kuɗina bai kai nan ba," lamba ɗaya zan sauya, siffar ta tsuke, girman kowane bene ya sake fitowa yana kallo. Idan siffar ta fi ƙarfin Revit sai mu koma wata manhajar, Rhino, da Grasshopper, wani ƙari da ke aiki a cikinta wanda David Rutten ya fito da shi a 2007.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke hana ni barci shi ne wanda zai gina.

Layin da kwamfuta ke lanƙwasawa yadda ta ga dama ba shi da cibiya guda, shi kuwa birkila da turke da igiya yake fitar da da'ira a ƙasa. Don haka kowace lanƙwasa sai na yanka ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da cibiyarta da tsawon igiyarta, na rubuta a takarda. Haka kafinta: filawud ɗinsa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma gefe ɗaya yake yarda ya tanƙwaru. Rufin da ya lanƙwashe ta fuska biyu kamar bayan ƙwarya sai an datsa katako ƙanana-ƙanana, kuɗin aiki ya ninka. Bulo mai inci 9 ma in da'irar ta matse, filasta ce za ta cike gibin, siminti ya tafi a banza. Shi ya sa awon filawud da na bulo da rodi mai mita 12 nake fara sa wa manhajar, siffa ta biyo baya.

Gidan tarihin Guggenheim na Bilbao a ƙasar Sifaniya da aka buɗe a 1997, Frank Gehry ya zana shi da CATIA, manhajar ƙera jiragen sama, masana'antu suka yanka masa ƙarafa daidai awo. Mu kafinta da mai walda gare mu, kuma ba na raina su. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da gajerun azara ya ɗaura bakan gizonsa, wato lanƙwasassun bakunan da ke riƙe rufin, tsawon azarar ne ya yanke masa yadda bakan zai tashi. Nakan tura matasan ofishinmu su je su gani da idonsu.

Inda muke yawan ja da masu gini shi ne kuɗin matakin ƙera dunƙulen ginin a kwamfuta, don a ganinsu hoto ne kawai. Yanzu daban nake cajinsa, kuma ba na sakin hoton sai kafinta da mai walda sun zauna da mu sun ce za su iya.