Zaɓen gangar giya: lissafin da ake yi kafin a ɗora wa ɗan dako

Shekaru da dama ina aiki a wani sito na rarraba kayan sha a birnin Hambug na ƙasar Jamus, kuma babu kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu mashaya kamar rige-rigen sayen babbar ganga domin kawai kuɗin kowace lita ya fi sauƙi a cikinta.

A nan Turai gangunan giyar famfo da aka fi amfani da su masu lita 20 ne da 30 da 50, kuma na ƙarfe ne mara tsatsa, ana wanke su a sake cikawa shekara da shekaru. Amurkawa kuwa da galan suke awo, babbarsu tana cin galan 15.5, wato kusan lita 59, ƙaramar kuma ba ta cika lita 20 ba. Ko a cikin masu lita 50 ɗin akwai samfurin DIN, doguwa siririya, da samfurin Euro, gajera mai faɗi, kuma wannan bambanci kaɗai yana iya hana ƙofar firji rufuwa.

Abin da ya kamata mai mashaya ya fara tambayar kansa shi ne kwana nawa ganga za ta yi kafin ta ƙare. Da zarar an buɗe ta, ɗanɗanon abin da ke ciki ya fara raguwa, don haka mai lita 50 ta dace ne da famfon da ba ya hutawa. Wanda cinikinsa yake tafiya a hankali, idan ya ɗauko ta, ragowar za ta yi lami ya zubar, sauƙin da ya hango ya bi rariya. Mai lita 20 ko 30 ta fi masa, ko da kuɗin litar ya ɗan ɗara.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, wato nauyi. Cikakkiyar ganga mai lita 50 ta haura kilo 60, kuma yawancin tsofaffin mashayu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke ajiya, ta matsattsiyar matakala. Na ga abokan aiki majiya ƙarfi da ciwon baya ya raba su da sana'ar tun ba su tsufa ba, kuma a ganina duk wanda ba shi da na'urar saukar da kaya bai kamata ya yi odar babbar ganga ba.

Sai batun mahaɗin da ke haɗa ganga da bututu, domin ba kowane ne ke shiga kowane baki ba. Samfurin D shi ne na Amurka, S ya yaɗu a Turai, A na kamfanonin Jamus da yawa ne, Guinness kuma tana da nata, U, kuma da iska mai yawan naitirojin ake tura ta. Idan hanya ta yi nisa har dawo da fanko ya zama asara, gangar roba irin KeyKeg ta ƙasar Holan ita ce mafita, domin ba a mayar wa kamfani da ita, ba a kuma biyan kuɗin jingina, sai dai ita ma nata mahaɗin daban ne, kuma dole a tanade shi kafin motar kaya ta iso.